Direban Jirgin Ƙasa Da Masu Farautar Hoto

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano ya san yadda yara kan sheƙo a guje su ɗaga wa direba hannu. To, a Ingila ba yara kaɗai ba ne. Akwai magidanta, har da masu furfura, waɗanda ba su da abin sha'awa kamar ɗaukar hoton jirgin ƙasa. Mutum zai yi sammako, ya rataya kyamara, ya je ya tsaya bisa gada cikin sanyi, don jirgin da zai wuce kafin ƙiftawar ido.

Direbobi ba su ƙi su ba. Sau da yawa sukan ɗaga musu hannu, ko su busa musu usur. Da ma hotunan irin waɗannan mutane suna cikin abin da ya adana tarihin jirage masu aiki da kwal, waɗanda hukumar reluwe ta Ingila ta daina aiki da su a 1968.

Inda gizo ke saƙa shi ne in mai hoto ya tsallake shinge. Jirgi ba shi da sitiyari, dogo ne ke juya shi. Wanda ke gudun mil 125 cikin awa kuwa, ko an danna birki sai ya ci fiye da mil guda kafin ya tsaya. Direba ya hango mutum a bakin dogo, bai san ko hoto ya kawo shi ba, ko kuwa rayuwa ce ta ishe shi. Abin da ya rage masa usur ne da birki, sai addu'a. Mai jan jirgin kwal ma ya fi shan wuya, domin tukunyar injin kan tare masa gefe guda, sai mai zuba kwal ya duba masa.

An ga haka ran 25 ga Fabrairu, 2016, sa'ad da shahararren kan jirgin nan Flying Scotsman, wanda aka ƙera a Doncaster a 1923, ya tashi daga London zuwa York bayan gyaran shekara goma. Kusa da garin St Neots masu hoto suka cika bakin dogo, dole aka tsai da shi. Sauran jirage suka makara, har hukumar da ke kula da layin ta biya diyyar kusan fam 60,000. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Amma a Amurka, cikin Yuli 2018, wani jirgi mai aiki da tururi na kamfanin Union Pacific ya buge wata mata tana ɗaukar hotonsa a jihar Colorado, ta rasu.

Direban da irin wannan ya faɗa wa, ko da ba laifinsa ba ne, shi ne zai kwana da abin da ya gani.

Yanzu kowa da kyamara cikin wayarsa, saboda haka zancen ya shafi 'yan'uwa mazauna Agege da sauran unguwannin da dogo ya ratsa. Mai son hoto ya ɗauka daga nesa. Jirgi dai ba ya kauce wa kowa.