Windows 11 a Sabha: Wa Ya Kamata Ya Sauya, Wa Zai Iya Jira?

Ranar Talata 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, shekara 10 da 'yan watanni bayan fitowarta a Yulin 2015. Washegari babu kwamfutar da ta ƙi tashi saboda haka. A shagunan buga takardu na Sabha da ke kudancin Libiya, daga Gurda har Mahdiyya, an ci gaba da bugawa ana kwafe fasfo da takardun aiki kamar kullum. Wannan ne ya raba masu kwamfuta gida biyu. Wasu suka ce dama barazanar 'yan kasuwa ce kawai don a sayi sabon kaya. Wasu kuwa hankalinsu ya tashi, suka fara lissafin kuɗin sabuwar na'ura. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma ba cikakkiya ba.

Ga abin da janye hannun yake nufi. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wato Windows, gini ce ta miliyoyin layukan rubutu, kuma ba a rasa ɓaraka a cikinta. A Talata ta biyu ta kowane wata Microsoft yakan fitar da facin da zai toshe ɓarakar da aka gano. Abin da aka daina yi wa Windows 10 kyauta ke nan. Kamar gidan ƙasa ne da magini ya daina zuwa yaɓe: bana yana nan tsaye, baɗi ma wataƙila, amma duk tsagar da ta buɗe a buɗe za ta zauna. Akwai kuma wani abin da ba kowa ke lura da shi ba. Windows 10 da Windows 11 tushensu ɗaya ne a wurare da yawa. Duk sanda aka fitar da faci don 11, masu kutse sukan duba inda aka toshe, su je su laluba wurin nan a jikin 10, sau da yawa kuma su same shi a buɗe.

Wanda yake ganin wasa ne ya tuna 12 ga Mayun 2017, ranar da cutar WannaCry ta ɓarke. Ta kulle fayiloli a kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman fansar dala 300 kafin ta buɗe. Asibitocin gwamnatin Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya da dama. Abin lura shi ne, Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ɓaraka tun watan Maris, kuma yawancin na'urorin da cutar ta kama Windows 7 ce a kansu, wadda a lokacin ba a daina kula da ita ba. Masu su ne ba su sauke facin ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin al'adar masu gyara a ƙasashenmu ce su kashe sabuntawa da zarar sun ɗora Windows, don kada ta cinye datar Libyana ko Almadar, ko kuma don kada a gane kwafin na bogi ne. Wanda kwamfutarsa take a haka, tun kafin Oktoban 2025 ba ta samun faci, kuma ko Windows 11 aka ɗora mata da irin wannan hannun, sunan ne kawai ya sauya.

To me Windows 11 ta zo da shi? Ta fito a 5 ga Oktoban 2021. An mayar da maɓallin farawa tsakiyar allo, an sauƙaƙa jera tagogi biyu ko uku gefe da gefe, daga baya kuma aka cusa mataimakin nan Copilot. A ganina, ga mai buga wasiƙa a Word ko lissafin shago a Excel, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kai a kashe masa dinari. Ba ta fi 10 sauri yadda za ka ji a hannu ba. Ribarta ta gaskiya guda ce: ita ake yi wa faci yanzu.

Matsalar tana ga sharuɗɗan. Ana buƙatar RAM mai gigabait 4 da wurin ajiya mai gigabait 64, waɗanda yawancin na'urori suka cika. Sai kuma guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da farosesa ta Intel zubi na 8 ko sama, ko ta AMD daga Ryzen 2000. Zubi na 8 ya fara shiga kasuwa ne a ƙarshen 2017. Ke nan kwamfutar da aka ƙera a 2016, ko da lafiyarta lau, an rufe mata ƙofa. A Disambar 2023 kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa na'urori kusan miliyan 240 a duniya na iya zama bola saboda wannan sharaɗi.

Bolar Turai kuwa mun san inda take sauka. Kamfanoni da ofisoshin can suna sauke tsofaffin HP EliteBook da Dell Latitude da ThinkPad, 'yan gwanjo suna lodinsu zuwa tashoshin Tarabulus da Misrata da Legas da Kwatano. Daga gaɓar teku kayan ke gangarowa Sabha, tafiyar fiye da kilomita 700 a mota, wasu su zarce ta Gatrun su bi hanyar Dirku har Agadas. Ɗan Zinder ko ɗan Katsina da ya yi shekara yana aikin gini ko gona a yankin Fezzan, ya tashi komawa gida yana son ya riƙe wa ƙaninsa ɗalibi tsaraba, shi ne ya fi kowa hatsarin faɗawa wannan rami. Zai ga laftof mai sheƙi, an manna mata Core i7, farashi ya faɗi, har ma Windows 11 tana kai. Araha ba ta ado. Kada ka tsaya a kan i5 ko i7. Ka buɗe bayanin na'urar ka duba lambar da ke bayan ɗan layin. In ka ga i7-6600U, zubi na 6 ce. In ka ga i5-7200U, na 7 ce. Wadda aka rubuta i5-8250U ita ce ta 8, kuma duk da ƙaramin sunanta ta fi waccan i7 ɗin ƙarfi, domin ƙwayoyin aikinta huɗu ne, waccan biyu.

Yaya aka yi Windows 11 ta hau na'urar da ba ta cancanta ba? Da dabara. Akwai ƙananan manhajoji irin su Rufus da ke tsallake binciken sharuɗɗan, kuma kowane mai gyara ya iya. Na'urar takan yi aiki, ba na musu. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika mata faci ba, kuma babbar sabuntawar shekara-shekara ba ta zuwa mata da kanta, sai an sake komawa wurin mai gyara. In kai ka zaɓi haka da saninka, ba laifi. Zalunci shi ne a sayar maka da ita a farashin mai cancanta.

Ga waɗanda na'urarsu ta gaza, Microsoft ya buɗe wata 'yar ƙofa: ƙarin shekara ɗaya ta facin tsaro, zuwa 13 ga Oktoban 2026, a kan dala 30. A farashin hukuma bayan da Babban Bankin Libiya ya karya darajar dinari da kashi 13.3 cikin 100 a Afrilun 2025, wannan ya kai dinari 167 ko kusa da haka, a kasuwar bayan fage kuma ya fi. Kuɗin ma ba shi ne wahalar ba, katin da zai biya a waje shi ne, ga baƙon da ba shi da asusun banki a garin da samun tsabar kuɗi kansa aiki ne. Amma an bayar da hanyar kyauta, wato mutum ya shiga da asusun Microsoft ya yarda a adana saitin na'urarsa a rumbun kamfanin. Ko ta wace hanya, jinkiri ne aka saya, ba mafita ba.

Ni dai ga yadda nake auna lamarin. Tambayar farko ba wace Windows ba ce, me ke cikin na'urar, kuma tana hawa intanet? Kwamfutar da ake lissafin hawala a kanta, wadda ke riƙe da sunayen masu aika kuɗi gida Maraɗi da Kano, ko ta shagon da kowa ke zuwa ya soka filas ɗinsa a kwafe masa takardu, wannan ba ta da uzurin zama ba faci. Amanar mutane ce a ciki. In ta cancanta a sauya yau, kyauta ne ga mai kwafin halal. In ba ta cancanta ba a nemo mai zubi na 8, tsohuwar a ba ta wani aikin. Amma na'urar da aka ajiye a lungu tana tuƙa firinta ko injin yanka sitika, ba ta taɓa ganin intanet ba, a bar ta da Windows 10 ɗinta har ta mutu, a dai kiyaye filas ɗin da ake soka mata.

Tsakanin waɗannan biyu akwai ɗalibin Jami'ar Sabha ko malamin makaranta mai tsohuwar laftof, wanda aikinsa bai wuce bincike da rubutu da kallon darasi ba. Shi ne Linux, wata babbar manhajar da ke maye gurbin Windows, ta fi dacewa da shi. Linux Mint da Ubuntu kyauta ne, ba sa neman TPM, suna karanta Larabci da Faransanci da boko, kuma nau'in Ubuntu mai dogon zango yana samun faci shekara 5. LibreOffice tana buɗe fayilolin Word, ko da yake tsarin shafi yakan ɗan goce, musamman a rubutun Larabci mai jadawali. Wanda abincinsa ke cikin Photoshop ko CorelDRAW ko AutoCAD kuwa kada ya soma, ba sa hawa kanta kai tsaye. Kuma in akwai 'yan kuɗi a hannu, sauya tsohon faifan ajiya mai juyawa da SSD, da ƙara RAM zuwa gigabait 8, ya fi kowace sabuwar Windows saurin da za a gani da ido. A garin da ƙurar iskar gibli ke cika fanka, zafin bazara kuma yana haura digiri 40, buɗe na'ura a kakkaɓe ta ma gyara ne.

Wanda ya yanke shawarar sauyawa, ya fara kwashe fayilolinsa zuwa wani faifan. Ya sani saukewar takan ci gigabait 5 ko fiye, don haka ya nemi layi mai ƙarfi. Kada ya fara da kwamfutar tebur sai da inbata ko batirin sola a bayanta, domin kowa ya san halin wutar kudu, kuma ɗaukewarta a tsakiyar aikin na iya barin na'ura ba 10 ba 11. In sabuwar ba ta yi masa ba, yana da kwana 10 ya koma tsohuwar ta cikin saiti.

Sai abu ɗaya da ya fi duk waɗannan cin mutane. Tun daga nau'in 24H2, idan aka ɗora Windows 11 sabuwa fil aka shiga da asusun Microsoft, takan kulle faifan ajiya da kanta ta hanyar BitLocker, ta ajiye mabuɗin, mai lambobi 48, a cikin wancan asusun. Mai gyara da ke gaggawa yakan shiga da nasa asusun, ko ya ƙirƙiri wani nan take ya manta kalmar sirrin. Ranar da allon uwa ya ƙone aka ciro faifan, ko na'urar ta tashi tana neman mabuɗi, babu injiniyan da zai iya buɗe shi a Sabha ko a Tarabulus, Microsoft kansa ba zai ƙirƙiro maka wani ba. Kafin ka bar shagon, ka tabbata imel ɗinka ne a kai, lambar wayarka ce a jikinsa, sannan ka sa a buga maka lambobin nan 48 a takarda ka ajiye su tare da fasfonka.