'Yancin Ɗan Wasa: Abin Da Ya Faru Ga Ted Lindsay

A cikin watan Yuli na 1957, ƙungiyar wasan hoki na kan ƙanƙara ta birnin Detroit a Amurka ta sallami ɗaya daga cikin gwanayenta, Ted Lindsay, ta miƙa shi ga ƙungiyar Shikago, wadda ita ce kutal a gasar shekarar. Ba a nemi shawararsa ba. Wannan mutum kuwa ya taimaki Detroit ta ci Kofin Stanley har sau huɗu, kuma a wannan shekarar ce ya fi kowace shekara tara maki.

Laifinsa ɗaya ne. A watan Fabrairu na shekarar, shi da Doug Harvey na Montreal da waɗansu 'yan uwansu sun ba da sanarwar kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar 'yan wasa, domin su san yadda ake sarrafa kuɗin fanshonsu. Masu ƙungiyoyi suka ga abin ya zama raini, suka yi ta warwatsa shugabannin, har tafiyar ta rushe a 1958.

A wancan zamani ƙungiyoyi shida ne kacal a babbar gasar Amurka da Kanada, watau NHL. Cikin takardar yarjejeniyar kowane ɗan wasa akwai wani sharaɗi da ya ɗaure shi ga ƙungiyarsa ko da wa'adinsa ya cika. Tana da ikon ta riƙe shi, ko ta sayar da shi, ko ta yi musanyarsa. Idan bai yarda ba, sai dai ya bar sana'ar.

Sai a 1967 aka sake kafa ƙungiyar 'yan wasan, ta zauna da gindinta. A 1972 kuma wata sabuwar gasa, WHA, ta fito tana neman gwanaye. Bobby Hull ya bar Shikago ya koma Winnipeg bayan an ba shi dala miliyan 1 na kafin alƙalami. Maganar ta kai gaban shari'a, inda alƙali Leon Higginbotham na Filadalfiya ya hana NHL yin amfani da wancan sharaɗi wajen tare 'yan wasa. Daga nan albashi ya fara tashi.

To, yau an sami adalci ke nan? Da saura. Har yanzu ƙungiyoyi ne ke zaɓen yaro tun yana ɗan shekara 18, ba shi ke zaɓen inda zai yi wasa ba. Ba ya samun cikakken 'yancin zuwa inda ya ga dama sai ya kai shekara 27, ko ya yi shekara bakwai a gasar. Kuma ana iya musanyarsa dare ɗaya, shi da iyalinsa su tattara kaya, sai fa in yarjejeniyarsa ta hana.

Masu ƙungiyoyi suna da hujjarsu. Suna cewa idan aka saki kowa, manyan birane masu kuɗi za su kwashe gwanaye, ƙananan garuruwa su tashi a tutar babu, gasar ta mutu. 'Yan wasa kuwa suna cewa ƙarfin ɗan hoki ba ya daɗewa, kafin 'yancin ya zo rabin ƙuruciya ta wuce.

Lindsay ya rasu a 2019. Tun 2010 ake kiran kyautar da 'yan wasan NHL ke ba gwanin gwanayensu da sunansa.