Duhun Fuskar Kwamfuta: Lalacewa Ce Ko Tattalin Wuta?

A 'yan shekarun nan kwamfutar tafi-da-gidanka ta shiga hannun jama'a ƙwarai da gaske. A birnin Bauchi kaɗai, ana ganinta wurin ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Yelwa da Gubi, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, da ma'aikatan ofisoshi, da masu shagunan buga takardu a kewayen kasuwar Wunti. Tun daga 2015 kuma da kwamfuta ake yin jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, saboda haka har 'yan makarantar sakandare sun dukufa wajen koyonta.

Akwai wani kuka da masu wannan na'ura suke yawan yi. Mutum yana cikin aiki sai fuskar kwamfutar ta dushe, ko ta yi baƙi ƙirin. Wani ya kashe ta da ƙarfi, aikin da ya wuni yana yi ya salwanta. Wani kuma ya garzaya wurin mai gyara, ya biya kuɗin sabuwar fuska alhali tsohuwar lafiyarta ƙalau. An shirya wannan bayani ne domin jama'a su iya bambanta duhun da kwamfuta ke yi da gangan da wanda yake alamar lalacewa.

Inda Hasken Yake Fitowa

Gilashin da ke nuna rubutu da hoto a yawancin waɗannan kwamfutoci ba shi da hasken kansa. A bayansa akwai fitila wadda take haskaka shi, kamar yadda ake ɗaga takarda a gaban aci-balbal a ga abin da ke jikinta. Tsofaffin kwamfutoci suna da siririyar fitila mai kama da doguwar kwalba, amma daga wajen 2010 sai aka koma ga ƙananan ƙwayaye da ake kira LED, waɗanda ba su cin wuta sosai. Duk da haka, wannan fitila tana cikin abubuwan da suka fi shan batir.

Wannan ne ya sa masu ƙira suka koya wa kwamfuta tattali. A 1992 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fito da shirin Energy Star domin ƙarfafa ƙera na'urori masu rage cin wuta idan ba a aiki da su. A 1996 kuma kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fitar da ƙa'idar da ake kira ACPI, wadda ta ba manhajar kwamfuta ikon rage haske, da kashe fuska, da kwantar da na'urar baki ɗaya.

Matakai Huɗu Na Tattali

Na farko shi ne dushewa. Da zarar an ɗauke wuta, ko an zare caja, kwamfuta takan rage haskenta nan take. Takan ƙara ragewa idan batir ya yi ƙasa, kamar zuwa kashi 20 cikin 100. A garin da wuta ke zuwa tana komawa, ko inda ƙarfin janareta ke hawa da sauka, ana iya ganin haske yana canzawa sau da yawa a yini guda. Wannan ba ciwo ba ne.

Na biyu shi ne kashe fuska. Idan aka bar kwamfuta 'yan mintoci ba a taɓa ta ba, sai ta kashe fitilar, amma tana ci gaba da aikinta a ciki. Taɓa kowane maɓalli yakan dawo da haske.

Na uku shi ne barci. A nan kwamfuta takan tsayar da kusan kome, ta riƙe aikin a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi da 'yar wuta kaɗan. Rufe murfi yakan sa ta barci. Abin lura shi ne, idan batir ya mutu tana cikin wannan hali, aikin da ba a adana ba yana iya ɓacewa.

Na huɗu shi ne dogon barci, wanda a tsarin Windows aka rubuta shi da sunan Hibernate. Kwamfuta takan kwafe aikin zuwa ma'ajiyarta ta dindindin, sa'an nan ta mutu gaba ɗaya. Ko an kwana uku ba wuta, aikin yana nan. Waɗanda suka ga yadda yawancin jihohin Arewa suka yi kwana da kwanaki cikin duhu a watan Oktoba na 2024 sun san amfanin wannan mataki. Wanda batirinsa ya tsufa, dogon barci ya fi masa barci.

Yadda Za A Gane Gaskiyar Al'amari

Idan fuska ta yi duhu, kada a yi gaggawar danne maɓallin kashewa. A bi waɗannan hanyoyi ɗaya bayan ɗaya:

1. A taɓa wani maɓalli, ko a danna na kunnawa sau ɗaya a saki, a jira kamar rabin minti.

2. A jona caja, a duba ko 'yar fitilar caji ta kama.

3. A nemi maɓallin da ke da hoton rana a layin sama, a danna shi, shi kaɗai ko tare da Fn. Sau da yawa yaro ne ko hannun mai ita ya rage hasken har ƙarshe.

4. A danna Caps Lock. Idan 'yar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa, kwamfutar tana raye, matsalar ta fuska ce kawai. A tsarin Windows, danna maɓallin Windows tare da Ctrl da Shift da B yakan farfaɗo da manhajar fuska ba tare da an rasa aiki ba.

5. A shiga ɗaki mai duhu, a haska tocila a jikin gilashin daga gefe. Idan aka hango rubutu dishi-dishi, to fitilar baya ce ko wayarta ta samu matsala.

6. A jona kwamfutar da akwatin talabijin ta wayar HDMI. Idan hoto ya fito, a adana aiki tukuna kafin a nemi mai gyara.

Akwai wasu dalilai biyu da jama'a ba su cika sani ba. Kwamfuta tana gane an rufe murfinta ne ta hanyar ɗan mayen ƙarfe da ke jikinta. Saboda haka ɗora wayar hannu ko wani abu mai mayen ƙarfe kusa da madannai yana iya sa ta zaci an rufe ta, ta yi barci. Har wa yau, kwamfutar da aka sake wa Windows, kamar yadda ake yi wa na hannu kafin a sayar, wani lokaci maɓallan haskenta sukan daina aiki domin ba a sa mata manhajar fuska da ta dace da ita ba. Maganin wannan shi ne sa manhajar daga kamfanin da ya ƙera ta, ba sayen sabon gilashi ba.

Lokacin Zuwa Wurin Mai Gyara

Idan haske yana ƙyaftawa ko yana ɗaukewa duk lokacin da aka motsa murfi, alama ce siririyar wayar da ta ratsa ta wurin lanƙwasar murfin ta soma tsinkewa. Sauya ta ya fi sauya fuska arha nesa ba kusa ba. Ya kamata mai kwamfuta ya nemi mai gyara ya gwada wannan waya a gabansa kafin a yi maganar sabuwar fuska. Idan kuwa batir ya kumbura har yana ɗaga madannai, a daina cajinsa nan da nan, domin yana iya kama wuta.

Nasiha Ga Jama'a

A daidaita hasken fuska da hasken wurin da ake zaune. Haske mai yawa cikin ɗaki mai duhu yana gajiyar da ido yana kuma cinye batir, wanda ya yi kaɗan da rana kuma yana sa mutum ya riƙa matse ido. Masana lafiyar ido suna ba da shawarar bayan kowane minti 20 a ɗaga kai a dubi wani abu mai nisa na ɗan lokaci.

A shiga wurin tsara wuta na kwamfutar a zaɓi mintocin da za ta yi kafin ta kashe fuska: gajere idan tana kan batir, mai ɗan tsawo idan tana kan caja. Kada a hana ta barci gaba ɗaya. A kiyaye ta daga zafin bazara na watannin Maris da Afrilu, kada a bar ta cikin mota a rana, kada kuma a ɗora ta kan katifa inda ƙofofin iskarta za su toshe, domin zafi yana rage kwanan batir. Da hunturu a riƙa share mata ƙura.

Fiye da kome, a saba da adana aiki a kai a kai. Wanda ya karanta wannan takarda ya bayyana wa abokan karatunsa da na aikinsa abin da ke cikinta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.