Hawan dutse da goyo: Abin da ya kamata iyaye su sani kafin su fita

A 'yan shekarun nan hawan dutse ya samu karɓuwa a Abuja, inda a safiyar Asabar ake ganin matasa rukuni-rukuni suna nufar tsaunukan Mpape da Katampe da Ushafa. Sannu a hankali magidanta ma sun shiga sahu, wasunsu da jariri a baya, wasu riƙe da hannun yaro mai tatata. Akan ga irin haka a tsaunukan Shere da ke Jos, da kuma Dutsen Dala a Kano.

Goyo ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, domin uwa kan je gona da rafi da ɗanta a baya. Sai dai hanyar gona daban, bayan dutse daban. Nauyin yaro kan sauya yadda mai goyo ke tsayuwa, kuma santsin da mutum shi kaɗai zai dafa ƙasa ya miƙe, ga mai goyo faɗuwar mutum biyu ce. An fi zamewa a wajen saukowa, lokacin da gwiwa ta gaji kuma hankali ya koma gida. Shi ya sa takalmi mai riƙe ƙasa ya fi silifa, kuma zane da majanyi na bukatar a sake ɗaure su a duk hutu, saboda gumi kan sassauta su. Jakar goyo ta zamani mai ƙarfe a jiki kuwa ba ta dace da jariri ba sai wuyansa ya yi ƙwari yana iya zama da kansa, wato wajen wata 6.

Amma abin da ya fi tsayin dutse haɗari ga ƙaramin yaro shi ne zafi. Jikin jariri ya fi na babba saurin ɗaukar zafi da saurin rasa ruwa, kuma ba shi da bakin da zai ce yana jin ƙishirwa. A goye, cikinsa na manne da bayan da ke tsiyayar gumi, rana na dukansa ta sama, dutsen da ya sha rana na turo nasa zafin ta ƙasa. Wasu iyayen, da niyyar kare shi, sukan lulluɓe shi da mayafi mai kauri, alhali hakan toshe masa iska yake yi. Hula mai faɗin baki da riga marar nauyi sun wadatar. Tunda mai goyo ba ta ganin fuskar ɗanta, ya kamata wani babba ya riƙa bin ta a baya yana duba cewa hanci da baki a buɗe suke, kuma haɓarsa ba ta faɗa kan ƙirji ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla har wata 6, ba tare da ko ruwa ba, kuma wannan bai sauya ba don ana kan dutse. Abin yi shi ne a yawaita tsayawa a inuwa a ba shi nono, uwar kuma ta sha ruwa sosai. Wanda ya wuce wata 6 a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin ya nema. Alamomin da ke nuna ruwan jiki ya yi ƙasa sun haɗa da bushewar baki, kuka ba hawaye, raguwar fitsari, da faɗawar maɗiga. Yaron da ya yi laushi, ya ƙi nono, ko yake wuyar tashi daga barci, a sauko da shi nan take a nufi asibiti.

Lokacin fita ma na da tasiri. A watannin Maris da Afrilu zafin Abuja kan kusanci digiri 40, don haka wanda bai fita bayan asuba ya sauko kafin hantsi ya dubi ludayi ba, gara ya haƙura. Da damina dutse kan yi santsi, ga tsawa, ga ciyawar da ke ɓoye macizai irin su kububuwa da kasa, yaro mai tatata kuwa ba ya ganin rami bai zura hannu ba. Hunturu ya fi sauƙi, in ban da ranakun da ƙura ta yi yawa, musamman ga yaro mai asma.

Shi mai tatata tafiyarsa daban ce. Zai tsaya kan tururuwa, ya tsinci tsakuwa, ya yi 'yan taku, sannan ya ɗaga hannu a ɗauke shi. Iyalin da suka auna tafiya da ƙarfin uba sukan dawo da yaro mai kuka a kafaɗa, da sauran rabin hanya a gabansu. Ya fi dacewa a zaɓi gajeriyar hanya mai inuwa, a sa lokacin juyowa tun daga gida, kuma a juyo idan ya yi, ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba.

Akwai kuma batun tsaro, wanda ba a wasa da shi a wasu tsaunukan da ke gefen birane. Ana so a tafi cikin rukuni, a tambayi mazauna gindin dutsen halin da ake ciki, a kuma sanar da wani a gida inda aka nufa da lokacin dawowa. Lambar kiran gaggawa a Najeriya ita ce 112, amma a bayan wasu duwatsun waya ba ta samun sabis.