Ayu: Dabbar Da Muka Fi Sani A Kwalba

Idan muka taso daga makaranta muka biyo ta Gyadi-Gyadi, ko aka aike mu kasuwar Tarauni, da wuya mu rasa jin lasifikar mai maganin gargajiya. Cikin kayan da ake talla, akwai wanda sunansa ya zauna mana a kunne: man ayu. Amma mu nawa ne muka taɓa tambayar mene ne ayun nan, kuma ina yake rayuwa?

Ayu ba kifi ba ne, ko da yake a ruwa yake kwana yake tashi. Haihuwa yake yi, uwar ta shayar da ɗanta nono, kuma dole ya riƙa leƙo da hancinsa sama don ya shaƙi iska. Babba yakan kai tsawon mita 3, nauyinsa ya haura kilo 300. Duk da wannan jiki ba mafaɗaci ba ne, ciyawar ruwa ce yawancin abincinsa. Masana sun ce danginsa na kusa a tudu su ne giwa da rema.

Irin namu na Afirka yana zaune ne daga Senegal har zuwa Angola, a bakin teku da manyan koguna. A Najeriya ana samunsa a kogin Neja da na Binuwai, da tafkin Kainji, da tafkin Pandam na Jihar Filato. Akwai shi kuma a Nijar da Mali da Chadi. Ke nan duk man ayu na gaske da ya iso Kano, daga nesa ya taso, kuma sai da aka kashe dabba kafin a cika kwalbar.

A nan matsalar take. Macen ayu tana ɗaukar ciki kusan shekara guda, ɗa ɗaya take haifa, kuma sai bayan shekara biyu ko fiye take sake haihuwa. Idan aka kashe uwa mai shayarwa, an yi asarar rai biyu. Ban da mafarauta masu neman nama da mai, wasu kan maƙale a tarun masunta su kasa fitowa shan iska. Madatsun ruwa, irin ta Kainji da aka kammala a 1968, suna raba su da 'yan'uwansu. Da rani kuma, in ruwa ya janye, wasu kan rage a kududdufi babu mafita.

Shi ya sa ƙungiyar IUCN, mai bin diddigin halittun duniya, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. A 2013 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Dokar Najeriya ta 1985 kan dabbobi masu ƙarewa ita ma ta hana farautarsa.

Ko ana iya ceto dabbar da ta kama hanyar ƙarewa? Ƙwarai kuwa. A gaɓar tekun Ras Nuwadibu, wajen Muritaniya, akwai wata dabbar ruwa mai shayarwa da Turawa ke kira monk seal. A 1997, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke wurin suka mutu cikin 'yan watanni. Sai aka sa masu gadi, aka hana shimfiɗa taru kusa da kogunan dutsen da suke haihuwa. A hankali yawansu ya dawo ya haura 300.

Mu ba mu da teku, ba mu da taru, amma muna da kasuwa, kuma mafarauci ba ya wahala sai ya san akwai mai saye. Mu yi wa iyayenmu da yayyenmu bayani cikin ladabi, mu tuna musu cewa ba kowa ya san abin da ke cikin kwalbar ba, kuma mara lafiya asibiti ya fi cancanta da shi. Mu roƙi malamin kimiyya ya ba mu darasi a kan ayu, ko mu kai batun ƙungiyar muhawara ta makaranta. Kada ƙannenmu su taso su tarar sunan kawai ya rage.