Gyara: Ɗan ƙarin da tsadar rayuwa ke neman kora daga kasuwa

A kasuwannin ƙasar Hausa, ciniki bai cika ƙarewa da miƙa kuɗi ba. Bayan an auna an sallama, sai mai saye ya ce a yi masa gyara, mai kaya kuma ya ɗebo abin da ya sawwaƙa ya ɗora masa.

Gyara kan zama barkono biyu ko uku a kan kashin tumatir, ko cikin hannu na gero bayan mudu ya cika, ko ƙosai ɗaya, ko yankan tsire. Ta bambanta da ragi, domin ragi a kan farashi ake yin sa, ita kuwa a kan kaya, kuma sai an gama ciniki take zuwa.

Asalin ma'anar kalmar shi ne daidaita abin da ya karkace. Awo da mudu ko kasa kashi aikin ido ne da hannu, ba a rasa ɗan kuskure. Ɗan ƙarin nan shi ke toshe giɓin, ya fitar da mai kaya daga zargin tauye mudu, laifin da Alƙur'ani ya yi kakkausan gargaɗi a kansa a Suratul Muɗaffifina. Shi ya sa ba a neman gyara a buhun siminti ko katin waya.

Tana da wani amfanin kuma: da ita ake riƙe abokin ciniki, sau da yawa kuma ita ce rabon yaron da aka aika.

Kalmar ta bi fatake har Kudu, inda Yarbawa da masu magana da Turancin Buroka ke cewa "jara".

Sai dai tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin dakon kaya ya tashi, farashin abinci ya bi shi. Mai kasa tumatir da ya saro kwando ɗaya a kasuwar Yankaba da ke Kano, ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Idan ya yi wa kowa gyara yadda aka saba, sai ya taɓa uwar kuɗi. Idan ya hana, mai saye ya koma wurin maƙwabcinsa.

A manyan shaguna kuwa, inda kaya ke zuwa a ƙulle cikin leda da farashi manne a jiki, babu ma wanda za a roƙa.