Rumbu, Gayya da Biki: Wa Ke Ɗaukar Nauyin Suna, Aure da Makoki a Da?

Ga rubutaccen shirin wannan makon don waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Duk saurayin da ke shirin aure yanzu a Funtuwa, Bakori, Ƙafur ko Malumfashi ya san lissafin da ke hana shi barci: akwatunan lefe, kuɗin haya, wurin walima. Sai ka ji ana cewa "ai al'ada ce, haka muka gada." To, bari mu duba abin da muka gada ɗin. A ganina hidimar muka gada, amma hanyar da kakanninmu suke raba nauyinta mun yar da ita a hanya.

Mu fara da lokaci. A ƙasar noma irin tamu, ba a cika sa ranar aure da damina ba. Sai kaka ta yi, dawa ta shiga rumbu, an kai auduga kasuwa, kuɗi ya shigo hannu. Saurayi kuwa tun da damina ya fara biyan wani kaso na neman aurensa da gumi: ya gayyato abokansa su yi wa surukinsa noma. Yau an yi maka gayya, gobe kai ma ka je ta wani. Shi kansa lefe, asalinsa kwando ne da ake saƙawa da kaba, a zuba 'yan zannuwa da kayan shafa. Kwando fa, jama'a, ba jerin akwatuna ba.

Ɓangaren amarya ma haka. Uwa takan fara tara ƙorai da tasoshin jere tun 'yarta na ƙarama. Bayan kamu da sa lalle da ɗaurin aure da kai amarya da sayen baki, sai gara ta biyo: hatsi, mai, gishiri, daddawa, nakiya da alkaki. Ma'anarta a fili take, sabon gida ya fara rayuwa da abinci a ɗaki.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kalmar biki kanta. Mu yau da an ce biki sai mu tuna kiɗa da anko. A da, biki har da yarjejeniya tsakanin mutum biyu, musamman mata. Idan kina da hidima, abokiyar bikinki ta kawo miki gudummawa. Ranar tata hidimar, ki mayar mata da ninki. Haka abin zai yi ta hawa, in ya yi nauyi a sasanta a koma ƙasa a sake farawa. Ba takarda, ba shaida, amma kowa na riƙe da lissafinta a ka, kuma wadda ta ƙi ramawa ta zubar da mutuncinta a gari. Akwai bayanin irin wannan zumunci a littafin Baba of Karo da ya fito a 1954. Baba tsohuwa ce da aka haifa wajajen 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta tsakanin 1949 da 1950 a Giwa, nan kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa. Wato ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne, maƙwabciyarmu ce. Idan ka lura, wannan tsari asusun ko-ta-kwana ne: kana zubawa a hidimar mutane shekara da shekaru, ranar taka sai ya dawo maka a dunƙule.

Haihuwa ma a kan wannan turbar take. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki. Miji ya tara itacen wanka tun kafin ranar. Ungozoma ta karɓi haihuwa, ta yanke cibi, a binne mabiyiya. Kafin suna a yi ƙauri, a gasa nama da yaji don mai jego. Ranar bakwai a raɗa suna da safe, a yanka rago, a raba goro, wanzami ya yi wa jariri aski, a da can har da tsagar gado. Bayan sunan yanka kuma akwai laƙabin da ke riƙe tarihin ranar: Nomau an haife shi ana noma, Marka ta zo ana tsakiyar ruwa, Cigero lokacin gero, Tanko ya biyo bayan mata, Audi kuwa mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi. Mutanen da ba su da takardar haihuwa, sunan ne takardar.

Kada dai mu shafa wa da ɗin zuma fiye da kima. Wankan jego na kwana 40 da tafasasshen ruwa, kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa, duk da niyyar kulawa ake yinsu, amma likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa suna da alaƙa da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Kuma yarinya da yawa an kai ta ɗakin miji ba a tambaye ta ba. Waɗannan ba abin kewa ba ne.

Mutuwa ita ce ta fi ƙarancin sauyi. A yi wanka, a sa likkafani, a yi sallah, a ɗauki makara, galibi a ranar. Maƙwabta su haƙa kabari ba da lada ba, gidajen unguwa su riƙa aiko da tuwo saboda gidan makoki ba ya ɗora tukunya. Matar mamaci ta shiga takaba wata 4 da kwana 10. Abin da ya ja baya shi ne sadakar uku, bakwai da arba'in, inda ake raba gumba da waina. Ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, ta yi wa'azi sosai a kan barinsu, wasu gidajen kuma har gobe suna yi. Wannan muhawara ta malamai ce, na bar musu.

Ga abin lura: makoki ne kaɗai hidimar da har yanzu unguwa ke ɗauka kai tsaye, shi ya sa da wuya ka ji talaka ya kasa binne mamacinsa. Aure kuwa ya koma wuyan mutum ɗaya. Gayya ta zama ƙwadago na kuɗi, matasa sun watsu Kaduna, Abuja da Legas, abokin bikinka ba lallai yana gari ba ranar taka. A wasu ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Ɗandume ma, rashin tsaro ya sa an daina kai amarya da dare, kuma manomin da bai iya zuwa gonarsa ba, da me zai cika rumbun da za a ɗebi gara?

Aikin gida na wannan makon: wanda kakarsa ke raye ya tambaye ta zannuwa nawa aka sa mata a lefe, wa ya kawo mata gudummawa mafi tsoka, kuma da me ta rama. Ku turo mana amsar tare da sunan garin, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Sai mun ji ku.